Tsagar baranda bayan cire gora: kada ka bari a shafe ta

Wallahi ɗan'uwa tambayarka ta taɓa ni, duk wanda ya taɓa zuba dakin, wato rufin kankare na bene, ya san wannan faɗuwar gaban. Ka ce an cire gorar da ke tokare da baranda kwana 10 da zuba kankare, tsaga ta fito ta sama daidai inda barandar ta haɗu da bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dakin, magini kuma ya ce filasta za ta rufe.

Kada ka yarda. Yau ɗin nan a mayar da gora, a kwashe bulon da aka jibge a kai, a hana yara hawa.

Barandar da ba ta da fila (ginshiƙi) a gabanta, rodin sama ne ke riƙe da ita, kuma wurin zamansa kamar milimita 25 ne ƙasa da fuskar kankare. Nan ne abin ke ƙona min rai. Mai ɗaurin rodi zai ƙi sa kujerun ƙarfen da ke ɗaga shi, don guntayen su rage masa ya sayar. Ranar zubi leburori su bi ta kai da baro da kwanon sarki, su tattake shi har ya kwanta a kan katako. Ɗan kwangila yana tsaye yana kallo, shi dai a gama kafin magariba ya karɓi cikon kuɗinsa. Ga ƙarin ruwa don kwaɓi ya yi saurin tafiya, ga buhun siminti ɗaya ana ja masa yashi kamar na gado, alhali a kwaɓin 1:2:4 (siminti, yashi, tsakuwa) kowane buhu kwano 4 ne na yashi, 8 na tsakuwa. Ko tsoron Allah babu, mutane ne fa za su tsaya a kai!

Kwana 10 ma ya yi kaɗan. Irin wannan baranda a bar mata gora kwana 21, in da hali 28. An ma ba ta ruwa safe da yamma na mako guda kuwa?

Ka nemo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ba abokin ɗan kwangilar ba. Ya sa a fasa ɗan wuri kusa da tsagar a ga zurfin rodi, a kuma duba ko jelarsa ta shiga cikin dakin sau ɗaya da rabi na tsawon barandar. In rodin a ƙasa yake, sai dai a fasa a sake, ko a kafa mata fila da bim tun daga tushe. Ka riƙe cikon kuɗin har injiniyan ya gama dubawa.