Amsa: Me mutanen gari za su samu a shirin dashen itatuwa na kabon?

Malam, ka ce wani kamfani ya zo ƙauyenku a yankin Dukku yana son farfaɗo da daji don sayar da kabon, kana tambayar ribar talaka a ciki.

Kuɗin kabon ba ya zuwa da wuri. Sai itatuwan sun girma, masu tantancewa sun auna bisa ƙa'idojin ƙungiyoyin da ke ba da shaidar kabon irin su Verra, a lissafa kowane tan ɗaya na iskar kabon da suka zuƙe a matsayin kiredit ɗaya, sannan a sayar. Wannan shekaru ne. Abin da ke shiga aljihu tun farko shi ne aikin rainon dashe, ban ruwa da gadi, kuma mata kan samu a wurin cika ledojin dashe.

Ni dai na fi damuwa da irin itacen. Ku nemi ɗorawa, kaɗanya, tsamiya da gawo. Daddawa da man kaɗe kuɗi ne a kasuwar Gombe ko da kamfanin ya tafi, gawo kuma yana zubar da ganye da damina ya ƙara wa gero taki. Itacen turare kuwa shan ruwa gare shi.

Kafin Hakimi ya sa hannu, a karanta takardar da Hausa gaban jama'a: shekara nawa, kason gari nawa, wa ke riƙe da asusun. A yi tambaya kan burtali da itacen girki ma, don idan aka killace dajin, makiyaya da mata ne za su fara ji a jikinsu.