Shawarar Lauya: An tallata mini hannun jari a "rijiyar mai" a Chikun

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna. Wani abokin ƙanena ya kawo mini takardu, wai kamfaninsu ya karɓi hayar wani fili a ƙaramar hukumar Chikun na shekara 20, ruwan rijiyar wurin yana warin fetur, kuma masana sun ce akwai mai a ƙasa. Naira miliyan 15 suke nema. Na riga na ba da miliyan 3 kafin alƙalami. In cika ko in janye?

Amsa: Alhaji, ka dakata tukuna, kada ka ƙara ko sisi.

Hayar fili daban, izinin haƙar mai daban. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk man fetur da iskar gas da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ga Gwamnatin Tarayya, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta sake nanata haka. Ko gonar gadonka ce, abin da ke sama ne naka. Saboda haka mai gona ko mai unguwa ba su da ikon ba kowa hayar mai. Hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai ce ke gudanar da gasar neman lasisi a bainar jama'a, Ministan Man Fetur ya amince. Lasisin bincike da haƙa rijiyar gwaji a yankunan da ba a riga an tabbatar da mansu ba iyakarsa shekara 10. Lasisi mai shekara 20, irin wa'adin da suke faɗa maka, shi ne na fitar da mai don sayarwa, ba a bayar da shi sai an samu man da zai biya kuɗin aiki. Ko mai lasisin gaske ba zai sayar maka da wani kaso na lasisin ba sai da amincewar minista.

Ni lauya ne, amma wanda ya daɗe yana duba irin waɗannan takardu dole ya koyi karatun dutse. Mai yana son abu uku a wuri guda: laka mai ɗauke da ragowar halittu wadda zafin ƙasa ya dafa shekaru miliyoyi, da dutsen yashi mai ƙofofi da zai tsotse man kamar soso, da murfin yumɓu da zai hana shi tserewa. Ana samun haka a yankuna irin su Neja Delta, kwarin Binuwai, Bida, Sakkwato da Tafkin Chadi. Galibin ƙasar Kaduna kuwa tsohon dutse ne daskararre. Ka dubi Kufena a Zariya ko duwatsun Kajuru, irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu. Wannan dutse yana ba da zinare, kamar a Birnin Gwari, amma ba ya dafa mai. Matatar Kaduna ma, da aka buɗe a 1980, ta bututu aka tsara kawo mata ɗanyen mai tun daga kudu.

A inda ƙasa ta dace ɗin ma caca ce. NNPC ta haƙa rijiya 23 a yankin Tafkin Chadi ba ta samu man sayarwa ba. Rijiyar mai ta Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, an fara haƙa ta a 1999, sai a 2019 aka ba da sanarwar samun mai, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022. Masu jirage da injinan auna ƙasa ke nan, balle mai shinshina guga.

Warin nan ma ya fi ba ni tsoro. Fetur tataccen abu ne, ba ya tsirowa daga ƙasa. Mai yiwuwa wani bututu ko tankin gidan mai ne ke yoyo. A daina shan ruwan, a sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai.

Ka nemi su ba ka lambar lasisin da taswirar yankin da ya ƙunsa, lauyanka ya rubuta wa NUPRC ya tabbatar. Ya duba rajistar kamfanin da daraktocinsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Rahoton "masanan" kuma ka kai wa wani malamin ilimin duwatsu, a ABU Zariya akwai su, ya gaya maka ko an yi binciken ƙarƙashin ƙasa da amon sauti, wa ya yi, yaushe. Mai gaskiya zai miƙo waɗannan cikin kwana biyu.

Batun miliyan 3 kuma, ka adana rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp. Tun da ƙaninka na tsakiya, a fara zama na cikin gida a gaban shaidu, a rubuta ranar biya, a sa hannu. In sun ƙi, lauya ya aika musu wasiƙar neman kuɗi da wa'adi, daga nan sai kotu, domin sun sayar maka da abin da ba su mallaka ba. Kana kuma iya kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna: dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ka fara duba sunan da ke kan asusun da ka tura kuɗin, na kamfani ne ko na mutum, domin shi zai nuna wanda za mu saka a takardar ƙara.