Tsarin sojojin Sarkin Rasha a 1914: amsa ga mai tambaya

Malam, ka tambayi yadda aka tsara sojojin Sarkin Rasha a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da abin da ya sa duk yawansu Jamus ta riƙa ba su kashi. Ni a sashen sadarwa na yi aikin soja har na yi ritaya, kuma yaƙin Tannenberg yana cikin darussan da aka koya mana a kwas, daga baya ni ma na koyar da shi. Saboda haka ka yi haƙuri in na fi karkata wajen waya da oba-oba.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Tun 1874 aka wajabta aikin soja a kan maza, saboda haka suna da mutane da yawa. Bataliya huɗu ke yin rajimanti, rajimanti huɗu dibishin, wato bataliya 16 da igwa 48. Dibishin ɗin Jamus kuwa bataliya 12 ne amma da igwa 72, ka ga tun daga nan wuta ta fi yawa a wancan ɓangaren. Dibishin biyu su haɗu su ba da ƙaramar runduna, ƙananan runduna su haɗu su ba da babba, manyan kuma a sa su ƙarƙashin shiyya. A 1914 shiyya biyu ce: Arewa maso Yamma ta Janar Zhilinsky tana fuskantar Jamus, Kudu maso Yamma ta Janar Ivanov tana fuskantar Ostiriya. A sama da su akwai babbar hedikwata, Stavka, a garin Baranovichi, inda Yarima Nikolai Nikolayevich, ɗan gidan sarautar, yake babban kwamanda.

To, wa ke da iko a zahiri? Nan gizo ke saƙar. Ikon Stavka a yankin yaƙi ya tsaya. Harsashi, bindiga da sababbin kurata suna hannun ministan yaƙi Sukhomlinov a can babban birni, shi da Yarima kuwa ba sa ga maciji. Shiyyoyin biyu kuma kamar kishiyoyi suke, kowace tana jan jiragen ƙasa da sojojin ko-ta-kwana wajenta, Stavka tana lallashi maimakon ta ba da umarni.

Dubi Agustan 1914, wato yaƙin Tannenberg. Zhilinsky ya tura runduna biyu Gabashin Prussia, wani yankin Jamus: ta ɗaya ta Rennenkampf daga gabas, ta biyu ta Samsonov daga kudu, tafkunan Masuriya suna tsakaninsu. Rennenkampf ya ci nasara a Gumbinnen ranar 20 ga wata, sai ya sassauta tafiya. Zhilinsky ya ɗauka Jamusawa gudu suke, ya yi ta matsa wa Samsonov ya ƙara sauri, alhali sojojinsa sun kwana da kwanaki suna taka yashi, abinci ya yi baya. Wayar tangaraho ba ta isa ba, kuma ba kowace ƙaramar runduna ke da mabuɗin rubutun sirri ba, sai suka riƙa aika wasu umarnin ta oba-oba a fili. Wanda ya taɓa zama gaban na'ura da dare, hafsa na tsaye a kansa yana cewa aika yanzu, ya san yadda ake faɗawa wannan ramin. Jamusawa suka tsinci saƙonnin, suka san Rennenkampf ba zai iso da wuri ba. Kwamandojin Jamus, Hindenburg da Ludendorff, suka kwashe sojojin da ke gabansa, wasu a jirgin ƙasa, suka juye su kan Samsonov.

Abin da nake nanata wa ɗalibai shi ne ranar 28. Samsonov ya bar hedikwatarsa a Neidenburg, ya sa aka naɗe na'urar tangarahon da ke haɗa shi da shiyya, ya hau doki ya nufi bakin daga don ya gani da idonsa. Jarumta ce, ba musu, amma daga lokacin runduna ta rasa mai haɗa kanta. Kwana biyu bayan haka an kama kimanin mutum 92,000, shi kuma ya harbe kansa a cikin daji. Labarin da ake yawan bayarwa cewa shi da Rennenkampf sun taɓa dambe a tashar jirgi a Mukden, daga bakin hafsan Jamus Hoffmann ya fito, masana tarihi ba su gaskata shi ba.

Kada dai ka ɗauka sojojin Rasha ba su iya yaƙi ba. A daidai lokacin nan Ivanov ya fatattaki Ostiriya, ya karɓe birnin Lemberg a farkon Satumba.

A 1915 harsashin igwa ya yanke, aka ja da baya daga Poland, aka sallami Sukhomlinov, a Satumba kuma Sarki Nikolas na Biyu ya karɓi kwamanda da kansa a Mogilev, inda Stavka ta koma. A ganina kuskure ne babba: Janar Alekseyev, shugaban hafsoshinsa, ke yin aikin, amma duk asarar da aka yi sunan Sarki ake kira. Halin kowa tasa ta fisshe shi kuma bai sauya ba. A Yunin 1916 Janar Brusilov na shiyyar Kudu maso Yamma ya fasa layin Ostiriya a kudu, Janar Evert na shiyyar Yamma, wanda ya fi shi sojoji da igwa, ya yi ta ɗage nasa harin har Jamusawa suka kai wa Ostiriya ɗauki.