Sojan da ya dawo daga Mali ba ya barci: ya halatta ya gaya wa likita mafarkinsa?

Tambaya: Malam, maigidana soja ne, a unguwar Nima ta Accra muke, a Ghana. Ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, motar da ke gabansu ta taka bam a kan idonsa. Tun da ya dawo bai san barcin kirki ba. In tayar trotro, wato motar haya, ta fashe, sai ya kife a ƙasa, Juma'a ma ya daina zuwa saboda cunkoso. Danginsa na cewa aljanu ne ko raunin imani. Shi kuma ya ƙi likita, wai an hana ba da labarin mummunan mafarki.

Amsa: Bismillahi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki.

Masu zancen raunin imani su buɗe Suratul Ahzab, aya ta 10 da 11. A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Allah ya ce idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro, an girgiza muminai girgiza mai tsanani. Muminai ya kira su a cikin wannan hali. Wa ya isa ya tuhumi imanin Sahabbai?

Hadisin da ya riƙe ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim. Abu Ƙatada ya ce mafarki kan sa shi rashin lafiya, har ya ji Annabi (SAW) ya koyar cewa mutum ya nemi tsari, ya yi tofi sau 3 ta hagu, kada ya gaya wa kowa, ba zai cutar da shi ba. Manufar hanin ita ce tsare mutum daga cuta, kada wani ya fassara masa da abin da zai ƙara masa firgici. Likita ba fassara yake yi ba, alamar ciwo yake nema. Shari'ar da ta yarda a buɗe masa al'aura don lalura ta yarda a buɗe masa abin da ke cikin rai. Don haka ya halatta, kuma idan ciwon ya kai ana tsoron ya cutar da kansa ko ku, zuwan ya zama wajibi.

Likitoci sun san wannan firgici na bayan yaƙi, ana maganinsa da zaman tattaunawa, wani lokaci da ƙwayoyi. Ku fara da asibitin sojoji da ake kira 37, ga shi kusa da ku. Ruƙya da Alƙur'ani a ci gaba da ita, amma ban yarda da masu ɗaure majinyaci suna duka da sunan fitar da aljani ba, haramun ne. Haka tiramadol da ke yawo a Zango, kada a bar shi ya nemi barci da ita.

Juma'a kuwa, rashin lafiya uzuri ne a mazhabar Malikiyya. Ya sallaci Azahar a gida ba laifi, ya riƙa gwada ƙaramin masallacin unguwa da Asuba, lokacin da gari ke shiru.

Wallahu a'alam.