Motar lantarki a Damagaram, zata yiwu kuwa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zango, ina ganin motocin batir a TikTok, wai ba mai ba hayaƙi. Anan gurinmu zasu yi aiki kuwa da yadda ake ɗauke wuta?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Moto zai yi, mota kuwa da saura, bari kaji lissafin. Batirin mota matsakaiciya yana ɗaukar kilowat-awa (ma'aunin yawan wuta) 40 zuwa 60, in ka jona shi a wutar gida ta talaka mai bada kamar kilowat 2 to sai ya kwana ya wuni bai cika ba, kuma ka sani yawancin wutar yankin nan daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kowa ya ga yadda aka sha duhu a 2023 da aka yanke ta. Batirin moto kuwa kilowat-awa 2 zuwa 4 ne kawai. Panon sola ɗaya mai wat 400 yana bada kusan kilowat-awa 2 a yini a ranarmu, kaga guda biyu sun ishi moto, mota sai an jera sama da 20 kafin ta cika a yini ɗaya, wa ke da rufin nan?

Abin da ya fi burge ni shine tsarin kamfanin moton lantarki na Spiro a Benin da Togo, ba jiran caji, ka ajiye batirin da ya mutu su baka cikakke ka wuce. Amma ka kula da zafi, batirin litiyom baya son zafin Afirilu da Mayu, kar ka yi caji da tsakar rana a fili, in zaka saya nemi mai irin batirin litiyom da ake kira LFP, yafi juriya, kuma tambayi wa zai gyara kafin ka biya, ba kowane makaniki ya san shi ba. Tafiyar Yamai kuwa kusan kilomita 900, manta kawai, man matatar SORAZ ne gwanin hanyar har yanzu.

Tambaya: Wai da gaske akwai motar da ke tuƙa kanta?

Amsa: Akwai Hajiya, tasi na kamfanin Waymo suna ɗaukar fasinja ba direba a Phoenix da San Francisco a Amurka, amma cikin unguwannin da aka zana taswirarsu tsaf. Tsarin tuƙi na motocin Tesla da ake kira Autopilot taimako ne kawai, dole idon direba na kan hanya. Kamarar da motar ke gani da ita tana son layin fenti a kwalta da iska mai tsabta, to ki kawo motar bakin kasuwar Dole lokacin hazo, ga amalanke ga awaki ga 'yan moto ta ko'ina, tsayawa zata yi cak.