Zauren Lauyoyi: Idan Kai Kaɗai Ne Irinka a Aji ko a Ofis

Wasiƙun wannan watan daga ɗalibai da matasan lauyoyin jihar Kaduna suka fito, kuma mun sakaya sunayensu kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a tsangayar shari'a da ke Kongo, Zariya. Kaf danginmu babu lauya. Wasu na ce mini sai na cire hijabi kafin a rantsar da ni, wasu kuma na cewa wanda ba shi da kowa a sama ba ya kai labari. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Batun hijabi an riga an wuce wurin. A watan Disamba na 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsarwa a Abuja saboda ta ƙi cire nata. Bayan doguwar muhawara, majalisar dattawan lauyoyi da alƙalai mai alhakin rantsarwa ta amince, aka rantsar da ita a watan Yulin 2018 da hijabinta a ƙarƙashin hular lauyoyi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya kare 'yancin addini, na 42 kuma ya hana wariya. Ki dai tanadi madaidaicin hijabi wanda ba zai rufe farin abin wuyan nan mai harshe biyu ba, kuma ki karanta ƙa'idar sutura a makon farko da kika shiga Makarantar Horas da Lauyoyi.

Abin da ya fi kayar da waɗanda ba su da lauya a gida shi ne rashin sanin abin da ke tafe. Makarantar tana da hedikwata a Bwari, da rassa a Legas, Enugu, Bagauda ta Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, kuma ba lallai ne a tura ki inda kika zaɓa ba. Ki zauna da iyaye tun yanzu ki faɗa musu haka, kada sai takarda ta fito a fara gardamar ko 'ya mace za ta tafi Yenagoa. Ki fara tarin kuɗin makaranta da na riga da hula. Akwai liyafar cin abinci uku da dole ki halarta, akwai zaman koyon aiki a kotu da a ofishin lauyoyi wanda ake duba littafin da kika cike a kansa, sannan akwai fom da mutum biyu daga dattawan majalisar rantsarwar nan za su sa wa hannu. A nan ne mutum yake buƙatar wanda ya san shi, kuma sanin nan ana gina shi ne. Hutun da ke tafe, ki ɗauki takarda daga tsangayarku ki nemi wani ofishi ya bar ki ki riƙa bin su kotu. Ki halarci tarukan ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Mai shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama lauya daga Arewa, ita ce kuma ta zama mace ta farko Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012.

Tambaya: Barka da aiki. Ni ɗan Kudancin Kaduna ne, shekarata biyu da rantsuwa. A ofishinmu ni kaɗai ne ɗan ƙabilata da addinina. Ba a wulaƙanta ni, amma aikina bai wuce kai takardu wurin rajistara da neman a ɗage shari'a ba. In haƙura ko in bar wurin?

Amsa: Barista, kafin ka yanke hukunci ka duba abu ɗaya: sauran sa'o'inka a ofis, me ake ba su? Idan su ma aike suke yi, to al'adar ofishin ce ga ƙananan lauyoyi. Idan kuwa ana ba su rubutun jawabin ƙarshe da yi wa shaidu tambayoyi kai ana tsallake ka, akwai magana.

Ko wanne ne, ka daina jiran a lura da kai. Ɗauki fayil ɗaya da ake aikenka da shi, ka karance shi daga takardar shigar da ƙara zuwa zaman ƙarshe, ka rubuta shafi biyu: abin da ake jayayya a kai, hukunce-hukuncen manyan kotuna da suka shafe shi, da inda hujjarku take da rauni. Ka ajiye wa maigidanka a tebur. Idan ka yi haka sau uku ko huɗu, sai ka nemi ganinsa ka roƙi abu takamaimai, misali ya bar ka ka gabatar da buƙatar beli ko ka jagoranci shaida ɗaya. Roƙon "a riƙa ba ni aiki" ba ya haifar da komai.

Ka kuma kula da sunanka a takarda. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Okafor da Nweke a 2007, takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishi kawai ba ta da inganci, sai da sunan lauyan da ke cikin rajista. Ka nemi a sa sunanka cikin jerin lauyoyin ƙara, ka tabbata an ambace shi lokacin gabatar da kai a gaban alƙali, kuma ka karɓi kwafin hukuncin da kotu ta buga wa hatimi. Buɗe fayil a gida ka riƙa tara su. Kujerar alƙalin Babbar Kotu da matsayin Babban Lauyan Najeriya (SAN) duk sai bayan shekara 10 da rantsuwa, kuma ranar da za ka neme su, takardun nan za a tambaye ka. Kuɗin lasisin aiki a biya kafin 31 ga Maris kowace shekara, a ajiye rasit.

Harshenka kuma jari ne da yawancin abokan aikinka ba su da shi. A Babbar Kotu da Turanci ake rubuta bayanin shaida. Dattijo zai tsaya ya yi bayanin iyakar gona da Hausa ko Jju ko Tyap, tafinta ya juya "aro" ya koma "kyauta", alƙali ya rubuta. Lauyan da ya ji harshen zai miƙe nan take ya nemi a gyara, domin abin da aka rubuta shi Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta karanta. Shari'o'in filaye da gado a kotunan gargajiya suna buƙatar wanda ya san al'adar daga ciki. Idan ka yi duk wannan wata shida ba abin da ya sauya, ka nemi wani wurin, ka fita da sallama. Kaduna ƙarama ce ga lauyoyi, gobe a kotu ɗaya za ku haɗu.

Tambaya: Ina amfani da keken guragu. Wasu kotunan a bene suke, sai an ɗauke ni. Akwai abin yi?

Amsa: Akwai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, kuma wa'adin ya cika. Rubuta wa rajistaran kotun aƙalla mako guda kafin zama, ka nemi a saurari ƙararka a ɗakin ƙasa, ka ba shugaban reshenka na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA) kwafi. A rubuce, ba da baki ba, domin idan abin ya maimaitu reshen zai samu abin riƙewa.

Tambaya: Na faɗi jarrabawar ƙarshe ta makarantar lauyoyi. A unguwa har an fara ce mini Barista. Ba na barci, ba na son fita.

Amsa: Sannu, ɗan'uwa. Ana sake zama jarrabawar, kuma akwai lauyoyi masu aiki yau da sai a zama na biyu suka haye. Duba sakamakonka ka ga darasin da ya kayar da kai, ka samo tambayoyin shekarun baya, ka riƙa amsa su da agogo a gabanka, musamman tsara takardu, inda ake yawan zubar da maki. Ka faɗa wa mutum ɗaya a gida gaskiya, shi ya sanar da sauran, domin ɓoyewar ta fi faɗuwar cin rai.

Amma lafiyarka ce a gaba. Idan rashin barci da ƙin abinci da ƙin mutane sun wuce mako biyu, ka ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa su koma gida a ranar, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba. Ka guji maganin barci na kemis ba da takardar likita ba. Idan tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: ka faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.