Sai da wayar haɗi mai tsada hoton talabijin zai yi kyau?

Tambaya: Na haɗa talabijin 4K da amfilifaya da lasifika biyar. Dole ne in sayi wayoyi masu tsada?

Amsa: A'a, malam. Wayar HDMI, wadda ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, saƙon dijital take ɗauka, tsadarta ba ta ƙara wa hoto kyau. Nemi mai tambarin Premium High Speed, tana ɗaukar bayanai da saurin 18Gbps, ta ishi 4K a 60Hz (hoto 60 a daƙiƙa). Matsalar tana ga tsawo: in ta wuce mita 5, mai araha kan gaza, hoto ya riƙa ɗaukewa ko ya yi ɗigo-ɗigon fari.

Lasifika kuwa, wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin 16 AWG (ma'aunin kaurin waya) ta wadatar har mita 15. Haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. In ka juya ɗaya, kaurin sautin zai ragu.